A Gidanmu Ba a Hana Iri

Abu na farko da na yi a ƙasar Holan ƙarya ce, kuma ban ko buɗe baki ba na yi ta.

A filin jirgi ne. Wani jami'i ya zazzage jakata, ya zaro gwangwanin madarar da Baba ya cika mini da irin albasa, ya buɗe, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa yana juyawa da yatsa. Irin albasa baƙi ne wuluk, ƙanana, masu kusurwa. Ni da na zo yin digirin digirgir a kan albasa na fi kowa sanin dokar: ba a shiga ƙasar mutane da iri sai da takarda, ni kuwa ko ƙyallen takarda ba ni da shi. Sai ga abokin aikinsa, wani Balarabe mai furfura a gemu, ya leƙo ya yi murmushi.

"Habbatussauda ce," in ji shi. "Kakata ma ba ta tafiya sai da ita."

Ya kalle ni yana jiran in ce haka ne. Na sunkuyar da kai. Aka rufe gwangwani aka miƙo mini, na wuce ina ta hamdala a zuci kamar wanda ya yi abin kirki.

Sunana Almu. Mahaifina Malam Iro manomin albasa ne a wata fadama da ke bayan Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari. Albasar gidanmu sunanta Jimrau. Ja ce, ba ta da wani girman a zo a gani, kuma in ka yanka ta sai ka yi kukan da ba ka yi ba ranar suna. Amma tana da hali guda: lokacin da albasar kowa ta ruɓe a rumbu tana ɗoyi, ita tana nan garau, har damina ta yi nisa. Tun kakan Baba ake riƙe da ita. Riƙon kuwa ba na ajiya ba ne, domin irin albasa ba gero ba ne da za ka manta da shi ka dawo ka same shi. Shekara ɗaya yake da rai, in ya yi ƙoƙari biyu. Duk shekarar da ba a shuka Jimrau aka ɗebi sabon iri ba, an matso da ajalinta.

Baba yana da doka ɗaya da na taso na tarar. Duk wanda ya zo ya ce, "Malam Iro, a ba ni iri," za a cika masa tafin hannu, ko jiya suka yi faɗa. Ba ya sayarwa, ba ya hanawa. Ina yaro na ɗauka tsabar kirki ne. Shi kuwa cewa yake dabara ce: shekarar da naka ya lalace, ka san ƙofar da za ka je ka yi sallama. Shi ya sa ba ya sallamar mai roƙo sai ya tambaye shi sunan garinsu.

Garin da jami'ar take ƙarami ne, shiru kamar an yi rasuwa, kowa a kan keke. Na sami ɗaki a saman benen wani mutum wanda a wata shida ban ji ya faɗi abin da ya wuce "takalmi" ba, yana nuna mini tabarmar ƙofa. Na yi sallama ga mutane a hanya har na gaji na daina. Ranar da na fara shiga kanti na sayi albasa, fara ƙatuwa kamar ƙwallo, na yanka ta ina jira idona ya kawo ruwa, bai kawo ba. Sai na zauna a bakin gado na yi kukan da kaina.

Duk Juma'a nakan kira Baba. Ba ya yarda waya na kai murya, ihu yake yi.

"Almu! Kana ji na? Sun hwaɗa ma mutanen tsallake shekaranjiya. Sun kore shanu, sun tahi da mutum huɗu."

"Ku fa, Baba?"

"Mu dai muna nan. Amma hwadama sai rana ta ɗaga ake sauka, la'asar na yi kowa shi hau."

'Yan bindiga yake nufi, amma ban taɓa jin ya kira su da suna ba, "su" kawai yake cewa. Kowane mako sunan ƙauyen da zai ambata ya fi na makon jiya kusa da namu. Ina da taswirar Faskari a kaina, ina ganin yadda abin ke matsowa, ni kuma ina nan ina koyon zana wata taswirar daban.

Aikin namu a ɗakin gwaje-gwaje shi ne taswirar ƙwayoyin gado na albasa. Yadda na yi wa Baba bayani shi ne, a cikin kowane ɗan ganye akwai rubutu da Allah Ya ajiye, jere a kan igiyoyi takwas, wanda ya ce wannan albasa ja za ta zama ko fara, mai yaji ko lami, mai jure ajiya ko mai saurin ruɓa. Mu muna bin igiyoyin muna kafa alamomi, kamar yadda ake kafa duwatsu a iyakar gona, don a san inda kowane hali yake zaune. Rubutun albasa kuwa ya ninka na ɗan Adam tsawo wajen sau biyar. Da na gaya wa Baba haka sai da ya yi dariya har ya ƙware.

"Yo ai na daɗe da sanin ta hi wasu mutane zurhi."

Burina shi ne in karanta rubutun Jimrau, in gano abin da ya sa ba ta ruɓewa. A raina har na ga sunan Malam Iro a mujallar masana.

Mutum biyu ne suka kula ni a wurin. Ɗaya Marika, wata dattijuwa mai kula da gidan gilashin da ake renon shuka a ciki. Ba ta da fara'a, hannunta kullum da ƙasa, amma ita ce ta lura ba ni da rigar ruwa ta kawo mini ta mijinta da ya rasu, ta ajiye a kan kujerata. Ɗayan kuma Mista Henk, ma'aikacin wani kamfanin iri da ke tallafa wa binciken sashenmu. Ranar da na fara ganinsa ina wanke kwalabe, sai na ji an ce daga bayana:

"Sannu da aiki, malam. Yaya gajiya?"

Kwalbar ta kusa suɓuce mini. Wata huɗu rabona da jin Hausa ba ta waya ba. Ya ce ya yi shekaru yana yawo a ƙasashenmu yana duba gonaki, ya san kasuwar Yankara, ya ci tsire a Kankara, har ya san ana ce wa mutum "ina gajiya" ya ce "ba gajiya". Ya kai ni gidansa, matarsa ta dafa shinkafa, ya sa mini yaji da hannunsa. Ni da bakina na ba shi labarin Jimrau. Har labarin filin jirgi na ba shi, muka yi ta dariya.

Bayan mako biyu, cikin tsananin sanyi, ya same ni a ofis. Ya cire hula, ya ɗan rusuna yadda ake yi a gida, ya miƙo tafin hannu.

"Malam Almu, a ba ni iri."

Da Turanci ya roƙa, wallahi da na tsaya na yi tunani. Da na tuna ni ɗalibi ne, shi kamfani. Amma da Hausa ya faɗa, da kalmomin da na ji sau ɗari a zauren gidanmu, hannuna ya riga kaina. Na juye masa rabin gwangwanin a ambulan. Ya zaro wata takarda ya ce ta ofis ce kawai, don a san daga inda abu ya fito. Na sa hannu ban karanta ba, ina jin kunyar a ce ɗan Malam Iro na tuhumar baƙo a kan iri. Marika na tsaye a bakin ƙofa da butar ban ruwa. Ta dube ni, ta dubi takardar, ta juya ta fita.

Da sanyi ya wuce na shuka sauran rabin, gaba ɗaya, saboda irin ya fara tsufa. Nan na yi wauta ta biyu. Albasar ƙasarmu da tsawon yini take gane lokacin yin kai. A Holan kuwa in zafi ya shigo rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma. Akwai ɗakin da ake ja wa labule a gajarta wa shuka yini, amma an riga an ba wani. Marika ta ce in jira wata biyu. Na ce mata ba ta san Jimrau ba ne, ba a banza aka sa mata sunan ba.

Ta tsiro da kyau. Na yanki ganye na kai ɗakin gwaji, na sami abin karantawa. Sai yini ya yi ta tsawo, ita kuma ta rikice. Tana da ganye uku ta ɗauka lokaci ya yi, ta fara kai, ta kwantar da wuya. Da na tona, kowace ba ta fi ƙwallon goruba da aka cinye ba, wasu ma kamar gujiya. Irin waɗannan ba su da ƙarfin da za su yi fure su ba da iri. Na jera su a kan tebur ina kallo, a mako shida suka bushe suka zama ɓawo. Ban gaya wa Baba ba, na bar shi yana zaton na ɗebi sabon iri. Na ce a raina ai uwar irin tana gida.

A shekara ta biyu, wata Talata da hantsi, ina tsakiyar aiki waya ta yi ƙara. Baba ba ya kira, ni ke kira. Kuma ranar bai yi ihu ba.

"Almu, muna cikin Faskari, gidan kawunka. Kowa da ransa."

"Me ya faru?"

"Sun shigo. Sun sa ma rumbuna wuta, har ɗakin da nike rataye iri. Ko ƙwara ba mu hito da ita ba. Amma ba komi. Na hwaɗa ma uwarka ta bar kuka, Jimrau na wurin Almu."

Na ce, "Haka ne, Baba." Ƙarya ta biyu ke nan, wannan karon da baki.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa kamfanin su Mista Henk. Gini ne na gilashi a tsakiyar gonaki, ko tsinke babu a ƙasa. Ya bar ni zaune fiye da awa guda. Da ya fito na miƙe, na cire hula, na miƙa tafin hannu, na ce masa da Hausa namu ya lalace, na zo a ba ni iri.

Da Turanci ya amsa. Tun daga ranar ban sake jin kalmar Hausa ɗaya a bakinsa ba.

Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai da abin da ya sami iyalina. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyin da ke shiga haƙori, ya nuna mini ta bayan gilashi jerin akwatunan ƙarfe. Jimrau na cikin ɗaya, an busar da ita an daskarar, za ta yi shekaru da yawa da ranta. Ba ta da suna yanzu, lamba gare ta. Ya ce takardar da na sa wa hannu kyauta ce ga kamfani, kuma shi kansa ba shi da ikon fitar da ƙwara ɗaya.

Na ce ko cokali guda. Na ce tsoho ne, ba shi da komai yanzu sai wannan.

Ya gyara tabarau, ya rage murya kamar mai ba ni shawara.

"Almu, in aka buɗe maganar nan, tambayar farko da za a yi ita ce yadda irin ya shigo ƙasar. Ka tuna abin da ka gaya mini a kan teburina? Ba na so karatunka ya tsaya saura shekara guda."

Ya raka ni har ƙofa, ya riƙe mini ita. A jirgin dawowa na zauna ina kallon gonakinsu shimfiɗe, babu mai gadi, babu mai waige, na ji tsoron da ban taɓa ji ba ko a hanyar daji. Na san masu ƙona rumbu. Wannan kuwa ya ci abinci da ni.

Shekarar ƙarshe na yi ta kamar mai ciwon da yake ɓoyewa. Duk Juma'a Baba zai ce, "Kana dai shanya ta inda ba laima?" in ce ina yi. Na gama karanta rubutun Jimrau, na ɗora shi a kan taswirar albasa, na ga wuraren da ta bambanta da sauran. Malamaina suka yaba. Aka buga mini taswirar a babbar takarda, igiyoyi takwas da alamomi ja da shuɗi.

Ranar da zan bar sashen, Marika ta tare ni a gidan gilashi. Ta zaro wata tsohuwar ambulan daga aljihun rigar aikinta. Ranar da na yi shuka, wasu ƙwayoyi sun maƙale a gindin gwangwanin da na jefar, ita ta tsince su ta adana.

"Sun tsufa," ta ce. "Kada ka sa rai. Da na san harshenku, da na hana ka ran nan."

Na ƙirga su a gabanta, talatin da ɗaya. Na ce Allah Ya saka mata, ta ɗaga kafaɗa ta koma ban ruwa.

Na iso Faskari cikin zafin bazara. Baba ya rame, ya zama ɗan tsoho a zauren wani. Bayan an gaisa an watse ya miƙo hannu. Na ɗora masa ambulan. Ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni, sai na durƙusa na faɗi komai, tun daga filin jirgi.

Bai yi faɗa ba, na so ma ya yi. Ya sa aka jiƙa tsumma, ya jera ƙwayoyin a kai, ya naɗe ya sa a gindin randa. Kullum da safe sai ya buɗe. Kwana goma sha biyu, ko ɗaya ba ta fasa ba. A rana ta ƙarshe, don in rage wa kaina nauyi, na shimfiɗa masa taswirar, na ce ga Jimrau nan kaf, babu abin da ya ɓace daga cikinta. Ya bi igiyoyin da yatsa a hankali.

"Ta yi kyau. Ina ake shuka ta?"

Na naɗe takardata.

"Shi Baturen," ya ce, "shina shukawa?"

"A'a, Baba. A firji ya sa."

"To ba iri ya roƙa ba. Ba ka yi laihi da ka ba shi ba. Laihinka guda, ba ka tambayi inda gonarshi take ba."

Sai ya fara lissafa mutane da yatsu. Na Kankara ya rasu, 'ya'yansa sun koma birni. Na Yankara ya bar noma tun da aka ɗauke ɗansa. Na Mairuwa ya haɗa ta da wata albasa ta gauraye. Saura Malam Dauda na wajen Sabuwa, wanda ya karɓa shekara tara da suka wuce. Muka kira shi. Ya ce tana nan, ya dasa ta don iri a lambunsa na tsallaken rafi, ta yi fure, kawunan sun bushe. Amma mako biyu ke nan ba wanda ya tsallaka, suna kai da kawo a wurin. In aka ƙara kwana uku, iska za ta zubar da irin a ƙasa.

Baba ya ce a miƙo masa takalmansa. Na ce ni na bayar, ni zan je.

Washegari Malam Dauda ya raka ni har bakin rafin da hantsi, ya nuna mini lambun da sanda, ya ce ƙafarsa iyakarta nan. Na tsallaka da buhu da wuƙa. Ga ta nan, sahu huɗu, kawuna farare sun fashe, baƙin iri na leƙowa. Ina yanka ina sawa a buhu. Na kai sahu na uku na ji ƙarar babur, ta matso, ta mutu a bayana.

Mutum ɗaya ne, babba, da rawani ya rufe rabin fuska, bindiga a rataye. Ya tambayi abin da ke cikin buhun. Na buɗe. Ya sa hannu ya murza kai ɗaya, ya hure ƙaiƙayin, ya daɗe yana kallon abin da ya rage a tafinsa. Wannan bai ce habbatussauda ba.

"Irin albasa ne. Mai ajiyuwa?"

Na ce mai ajiyuwa ce.

"Tsohuwata na da ɗan lambu," ya ce. "A ba ni."

Na cika masa tafin hannu. Ya ƙulle a bakin rawaninsa, ya ce in gama in bar wurin kafin azahar, waɗanda ke tafe ba su da haƙurinsa. Ban tsaya sahu na huɗu ba.

Da la'asar na ajiye buhun a gaban Baba. Ya zura hannu ciki har gwiwar hannu, ya ɗebo ya shinshina, idanunsa suka kawo ruwa. Na ce masa akwai abin da ya kamata ya sani, na sake bayarwa, kuma ga wanda na ba. Kawuna da ke gefe ya yi salati, ya ce watakila ma shi ne ya ƙona mana rumbu.

Baba bai kula shi ba. Ya ɗaure bakin buhun, ya jawo shi kusa da ƙafarsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ka tambayi sunan garinsu?"